In An Ce Ganye Ya Kashe Ƙwayoyin Sankara a Ɗakin Gwaji, Me Ake Nufi?

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci a Idi-Araba, wani dattijo mai sayar da goro da muka daɗe muna gaisawa ya riƙo hannun rigata ya ja ni gefe. Ya zaro waya daga aljihun gaba ya miƙo mini. "Ɗana, kai da ka yi karatun haɗa magunguna, duba mini wannan." Saƙon WhatsApp ne: hoton wani ganye, da hoton shafin farko na wata takardar bincike da Turanci, sai muryar wani mutum yana bayani cewa masana sun auna ganyen a jami'a sun tarar yana kashe ƙwayoyin sankarar mama. Mai ɗakinsa ce ke fama da ƙullutu a nono, wata huɗu ke nan. Daga inda muke tsaye zuwa ƙofar asibitin koyarwa na LUTH ba sai an nemi abin hawa ba, amma ba su taka ba, suna jiran a kawo musu ganyen daga gida.

A tsaye na karanta takardar. Ba ta jabu ba ce. An yi binciken yadda aka saba yi, kuma abin da masu shi suka rubuta gaskiya ne. Sai dai abin da suka rubuta daban, abin da ya iso kunnen Baba daban. Na yi shekaru ina wannan aiki da hannuna, daga shanya ganye har zuwa ɗiga jiƙo a kan ƙwayoyin sankara, shi ya sa nake ganin haƙƙi ne a wuyana in warware yadda ake yin sa, da irin tambayar da kowane gwaji ke iya amsawa.

Aikin yana farawa ne daga sanin itacen kansa. Je ka wurin 'yar mai ganye a Agege ko Alaba Rago, ko wurin matan Yarabawa masu saiwoyi da ake kira elewe-omo a kasuwar Mushin, za ka ga sassaƙe a ɗaure dami-dami, busasshe, babu ganye babu fure. Suna ɗaya kan hau itatuwa biyu ko uku, itace ɗaya kuma Bakano ya kira shi da wani suna, Basakkwace ya kira shi da wani. Don haka mai bincike na ƙwarai yakan karyo reshe da ganyensa da furensa ya kai ma'ajiyar busassun tsirrai, irin wadda ke Jami'ar Legas a Akoka ko babbar da ke cibiyar binciken gandun daji a Ibadan, masani ya tantance shi, a ba shi lamba, a ajiye samfuri. Takardar da ba ta da wannan lamba, daga nan nake fara ɗari-ɗari da ita. Ko an san itacen ma, ganyen damina ba ɗaya yake da na rani ba. Kauci kuwa abin da ke cikinsa yakan bi bishiyar da ya hau, na ɗorawa daban, na kaɗanya daban, kuma masu magani sun riga 'yan boko sanin haka.

Kuskuren suna yana kisa. A farkon shekarun 1990 a ƙasar Beljiyam, wani wurin rage ƙiba ya ba mata haɗin da aka sa wata saiwar ƙasar Sin a ciki, ashe an yi musanyarta da wata mai kama da ita a suna. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da dama daga baya aka same su da sankarar hanyar fitsari. Saiwar da ta yi wannan ɓarna 'yar gida ɗaya ce da maɗacin ƙasa, wanda wasu ke kira dumar dutse, da ake sayarwa a kasuwanninmu. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa sinadarin wannan dangi a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara.

Daga nan sai jiƙo. A shanya a inuwa mako biyu ko uku, wanda a damshin Legas yaƙi ne da fumfuna, a niƙa, a zuba garin a kwalba a kwarara masa ruwan jiƙo a bar shi kwana uku ana girgizawa. A tace, a sa a na'urar da ke juya kwalba cikin ruwan ɗumi tana zuƙe ruwan, har a bar wani abu baƙi-baƙi mai danƙo kamar maɗi a gindi. Daga garin da ya cika kwano, wani lokaci abin da za ka kankaro bai fi cokali biyu ba. Wannan shi ne ɗanyen jiƙo, kuma duk gwajin da zai biyo baya a kansa ake yi. Abin lura shi ne ruwan da aka jiƙa da shi. Mai magani a tukunya yake dafawa da ruwa, wani sa'in ya jefa jar kanwa ko tsamiya. Mai bincike kuwa yawanci metanol yake zubawa, ko etanol, ko hekzen, domin kowannensu akwai irin sinadaran da yake tsamowa. Metanol guba ne, yana makantarwa. Abin da ya tsamo daga ganye ba lalle ruwan tukunya ya tsamo shi ba, zafin wuta kuma kan lalata wani ya bar wani. Takardar da Baba ya nuna mini jiƙon metanol aka auna. Ko da duk sauran maganar ta tabbata, abin da za a dafa wa mai ɗakinsa ba shi aka gwada ba.

Gwajin farko da ake yi wa jiƙo shi ne na gano dangin sinadaran da ke ciki, kuma shi ya fi cika takardun ɗalibanmu. Aiki ne na launi da ido. Ka ɗiba kaɗan a siririyar kwalba ka ɗiga ruwan wani gishirin ƙarfe, in ya rikiɗe ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi ko kore-kore, ka rubuta akwai tanin. Ranar da na fara ganin wannan sai na tuna da dukawan garinmu, domin shi ne ainihin abin da ke faruwa in suka shafa kuloko a fatar da aka jeme da bagaruwa: tanin na bagaruwa ya gamu da ƙarfe, fata ta yi baƙi wuluk. Ka girgiza jiƙo da ruwa, in kumfa ta taso ta ƙi kwanciya, akwai safonin, wato abin da ke sa ɓawon aduwa kumfa har ana wanki da shi. Ka ɗiga ruwan Dragendorff, in wani gari-gari ruwan lemo ya kwanta a ƙasa, akwai alkaloyid. Ka jefa ɗan ɓarɓashin maganiziyam da ɗigon asid, in ya yi ja-ja, akwai filabonoyid. Cikin yini guda an gama, an cika jadawali da alamar tarawa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kusan duk ganyen da ka tsinka a bakin hanya zai ci wannan jarrabawa. Ganyen da mai shayi ke dafawa cike yake da tanin, albasa da zoɓo suna da filabonoyid. Alkaloyid kuwa sunan zuriya ne mai 'ya'ya dubbai: abin da ke hana ka barci a goro ɗanta ne, nikotin na taba ɗanta ne, kinin na zazzaɓi haka, abin da ke haukatarwa a zaƙami haka, kuma ɗaya daga manyan magungunan sankarar jini ta yara shi ma daga gidan ya fito. In aka ce maka ganye "yana ɗauke da alkaloyid da filabonoyid masu yaƙi da kansa", kamar an ce maka ne akwai mutumin Kano a gidan nan, kai kuma ka yanke cewa lalle attajiri ne. Garinsu kawai aka faɗa maka.

Waɗanda suka ɗan fi ƙarfin aljihu sukan tura jiƙon a na'urar GC-MS, wadda ke mayar da shi tururi ta rarrabe abin da ke ciki, kwamfuta ta kwatanta kowanne da abin da ke rumbunta ta ba da sunan da ya fi kama. Sai ka ga jerin sunaye ashirin ko talatin masu cika baki. Amma abin da zai iya zama tururi kawai na'urar ke gani, manyan sinadarai irin su tanin da safonin sukan wuce ta ba ta sani ba. Sau nawa na ga sunan da ya fi yawa a jerin, in ka fassara shi, kitsen da ke cikin manja da man gyaɗa ne. Wani lokaci ma sinadarin roba ne da ya narko daga jarka, a rubuta shi a matsayin abin da ganye ya ƙunsa.

Mataki na gaba shi ne a ga ko jiƙon na kashe abu mai rai. Mafi araha shi ne gwajin 'ya'yan wani ƙaramin jatan lande na ruwan gishiri, wanda aka tsara a 1982. Ana sayen ƙwansa a bushe kamar gari, a zuba a ruwan gishiri ya ƙyanƙyashe, a tsinci goma-goma a sa a kwalabe da jiƙo mai ƙarfi daban-daban, bayan awa 24 a haska fitila a ƙirga masu motsi. Akwai kuma na albasa, irin wadda 'yan'uwanmu ke saukewa a Mile 12: a ɗora ta a bakin kofi gindinta na taɓa ruwan jiƙo, a ga ko saiwarta za ta daina tsawo. Da waɗannan ake tankaɗe a san wane jiƙo ya cancanci a kashe masa kuɗi. Amsarsu ɗaya ce tak: abin nan yana da dafi, ko ba shi da shi.

Sai babban gwajin, wanda takardar Baba ta dogara a kansa. Akwai ƙwayoyin sankara da aka ciro daga jikin marasa lafiya tun da daɗewa, ana kiwonsu a kwalba suna ta hayayyafa har yau. Mafi shahara su ne HeLa, waɗanda aka ɗiba a 1951 daga bakin mahaifar wata baƙar fata 'yar Amurka, Henrietta Lacks, ba tare da an nemi izininta ba. Ta rasu a shekarar, ƙwayoyinta kuwa suna nan a ɗakunan gwaji na duniya. Na sankarar mama da aka fi aiki da su, MCF-7, daga jikin wata mata aka samo su a jihar Mishigan a 1970. A daskare ake ajiye su cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, in za a yi aiki a farkar da su a sa su a akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, ana shayar da su wani jan ruwa mai sukari da gishiri.

A ɗauko farantin roba da bai fi tafin hannu ba, mai ramuka 96. Kowane rami a zuba ƙwayoyi 'yan dubbai, a bar su su kwana su manne. Washegari a ɗiga jiƙo, layin farko mai ƙarfi, na biyu rabinsa, haka har ƙasa, a bar wasu ramukan babu jiƙo don kwatance. Bayan kwana biyu ko uku a zuba wani rawayan rini da ake kira MTT. Ƙwayar da ke da rai takan juya shi ya koma shunayya, matacciya ba ta iyawa. Ba na mantawa da ranar da na fara ciro farantina na ga gefe ɗaya ya rine sosai, ɗaya gefen ya koɗe fayau. Sai da tsigar jikina ta tashi. Na'ura ta karanta launin, a lissafa yawan jiƙon da ya rage masu rai da rabi. Wannan lamba ita ce IC50, kuma ƙanƙantarta shi ne ƙarfin jiƙon. Ma'aunin da aka saba bi, wanda aka aro daga cibiyar sankara ta Amurka, shi ne ɗanyen jiƙo ba ya jan hankali sai lambarsa ta sauko ƙasa da mikrogiram 20 zuwa 30 a kowace mililita. Na sha ganin takardu masu ɗaruruwa suna shelar sun samu gagarumin ƙarfi. Duk wanda aka turo wa irin wannan takarda, wannan lambar ya fara nema.

Ko lambar ta yi kyau, akwai tambayar da ta fi ta nauyi: me jiƙon ya yi wa lafiyayyun ƙwayoyi? Kashe ƙwayar sankara a faranti abu ne mai sauƙi. Ruwan bilic zai kashe ta, ruwan zafi zai kashe ta, gishiri in ya yi yawa zai kashe ta. Gwanintar ita ce a kashe ta a bar mai ita da rai. Shi ya sa bincike na ƙwarai ke ajiye faranti na biyu mai lafiyayyun ƙwayoyin fata ko na ƙoda, a kwatanta. Ɗauki tumfafiya. Farin ruwan nan nata yana da sinadaran da ke kashe ƙwayoyin sankara da ɗan mitsitsin adadi, lamba mai kyau ƙwarai. Amma dangin masu taɓa bugun zuciya ne, tazarar da ke tsakanin abin da zai yi aiki da abin da zai tsayar da zuciya siririya ce kamar zare, kuma kowa ya san abin da ruwan tumfafiya ke yi wa ido. Ko shawashop mai ƙaya-ƙayan nan, ɗan'uwan gwandar daji, wanda ganyensa ya yi tashe a Legas a matsayin maganin sankara. A faranti yana da ƙarfi, babu musu. Amma babu gwajin asibitin da ya nuna yana warkar da mai sankara, kuma tun 1999 likitoci a tsibirin Gwadalup suka danganta yawan cinsa da shan shayin ganyensa da wata cutar jijiyoyi mai kama da ciwon karkarwar jiki na Parkinson.

Sannan faranti ba shi da ciki, ba shi da hanta, ba shi da ƙoda. Jiƙo kan zauna a kan ƙwaya kwana uku cur babu mai taɓa shi. A jikin mutum kuwa, abin da aka sha sai ya tsallake asid ɗin ciki, ya ratsa bangon hanji, ya bi ta hanta wadda aikinta ke nan ta farfasa baƙon abu, sannan ɗan abin da ya tsira ya watsu cikin jini wajen lita biyar, ƙoda na tacewa tana zubarwa. Kurkum ya ishe mu misali: rawayan sinadarinsa ya yi abin mamaki a faranti ba adadi, amma in mutum ya haɗiye shi kaɗan ƙwarai ke isa jini, kuma har yau bai zama maganin kowace sankara ba. Bayan faranti akwai ɓeraye, bayan ɓeraye akwai gwaji a jikin mutane hawa uku: a san adadin da jiki zai ɗauka, a ga ko yana taɓa ciwon, sannan a gwada shi kafaɗa da kafaɗa da maganin da ake da shi a kan ɗaruruwan marasa lafiya. Cikin magungunan sankara da suka kai har ga gwajin mutane, waɗanda ke fitowa kasuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Kada wani ya ɗauka ina rage wa itatuwa daraja ne. Son su ne ya kai ni wannan karatu. Akwai wani ɗan fure da ke fitowa a gindin katanga da bakin kwata ko'ina cikin Legas, mai ganye kore shar mai sheƙi, da fure mai kunne biyar, fari ko ruwan hoda. Asalinsa daga Madagaska ne. A Jamaika ana dafa ganyensa a sha don ciwon sukari, aka aika wa wani likita mai bincike a Kanada, Robert Noble, ya gwada. Sukari bai sauka ba, sai dai ɓerayen da aka yi wa allurarsa fararen ƙwayoyin jininsu suka zube. Maimakon ya watsar, sai ya yi tunanin abin da ke hana farar ƙwaya yaɗuwa zai iya taɓa sankarar jini. Shi da Charles Beer suka bi diddigi har suka ware binbilastin a 1958, kamfanin Eli Lilly ya ware ƙanensa binkiristin, aka amince da shi a 1963. Yau binkiristin na cikin abin da ake ba yara masu sankarar jini da masu kumburin muƙamuƙi irin na Burkitt a asibitocinmu. Amma dubi lissafin. Ana bukatar kimanin kilo 500 na busasshen ganye kafin a samu giram 1 na binbilastin, na binkiristin kuwa sai an ninka haka sau huɗu. Binkiristin ɗin da ake ɗura wa babban mutum a jijiya yawanci ba ya wuce miligiram 2 a lokaci guda, in kuma ya kuskure ya fita daga jijiya yana cin nama. Kuma a lura, mutanen da suka gaji ganyen kaka da kakanni don sukari suke shan sa, ba don daji ba.

Taxol, wanda ake ba masu sankarar mama da ta ƙwan mace, daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka ya fito. An sassaƙo ɓawon a 1962, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana siffar sinadarin a 1971, Susan Horwitz ta gano yadda yake hana ƙwaya rabuwa a 1979, ba a amince da shi ba sai ƙarshen 1992. Shekara 30 ke nan. Shirin da ya haife shi ya auna jiƙo kimanin 114,000 daga nau'in tsirrai wajen 15,000, magungunan da suka fito daga ciki kuwa da yatsu ake ƙirga su. Nahiyarmu ma ta ba da nata. Daga wani ɗan itace na Habasha aka ware maitansin a 1972. Ya yi ƙarfi a faranti, ya wahalar da marasa lafiya aka ajiye shi, sai da aka gano dabarar ɗaura shi a jikin wani sinadari mai kai shi kai-tsaye ga ƙwayar sankara aka amince da haɗin a 2013, don wani nau'in sankarar mama.

A nan ne abin ke yi mini ciwo. Ba mu rasa masu ilimi ba, ba mu rasa cibiyoyi ba: ga cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba, ga hukumar bunƙasa magungunan gargajiya a Victoria Island, ga tsangayar haɗa magunguna ta Jami'ar Legas a nan Idi-Araba, ga cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja wadda ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya na masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta bi shi har gwajin asibiti ya zama Niprisan na masu sikila. Ana iyawa ke nan, kuma sabara da marke da hano da ƙirya duk sun cancanci a bi su haka. Amma yawancin bincikenmu a matakin launi da jatan lande yake tsayawa, domin ɗalibi ne ke biya daga aljihunsa, yana karɓar digiri magana ta ƙare. Abin da ya kamata ya biyo baya, wato a raba jiƙon kashi-kashi, a auna kowane kashi, a ɗauki mai ƙarfin a sake rabawa har a kai ga sinadari guda, aiki ne na shekaru da na'urori masu tsada. Ni kaina na taɓa rasa ƙwayoyin da na yi mako shida ina reno a dare ɗaya. Wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, da safe na tarar da su suna yawo a saman ruwa matattu. Haka takardar rabin hanya ke fita da jimlar nan ta ƙarshe da kowa ke rubutawa, cewa ganyen ya nuna alamu kuma ana bukatar ƙarin bincike. Mai talla ya tsinci takardar, ya yanke wannan jimla, ya ɗora murya.

Akwai kuma wata matsala ta harshe da ya kamata mu Hausawa mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Abin da muke kira daji ya fi abin da likita ke kira kansa faɗi. Kumburin ƙafa mai zafi da ja, daji ne. Gyambon da ya ƙi warkewa, daji ne. Maruru a nonon mai shayarwa, wani sa'in daji ne. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, wasu kuma sukan warke da kansu. Saboda haka mai maganin da ya rantse ya warkar da daji sau da dama ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya warkar ne ba a taɓa ɗibar tsokarsa an tabbatar sankara ce ba. Ƙullutu a nono ma mafi yawansa ba sankara ba ne, musamman ga 'yan mata. Daga wannan ruɗani ne maganar nan ta samu gindin zama, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Mace ta zauna da abu kamar gyaɗa tana shafe-shafe har ya kai lemo, ya fashe, sannan a kwashe ta zuwa asibiti. In ta rasu a ce ai allura ce ta tayar da shi.

Ƙiyasin hukumar nan ta Liyon na 2022 ya nuna sabbin masu sankara kimanin 127,000 a Najeriya, da mace-mace kusan 80,000, sankarar mama ce kan gaba. Kukan likitocinmu kullum ɗaya ne, sai ciwo ya yi nisa ake zuwa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Yale suka fitar da sakamakon bin bayanan marasa lafiyar da sankararsu ba ta bazu ba, amma suka ƙi maganin asibiti suka tsaya a kan na gargajiya da makamantansa kaɗai. Haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi, a masu sankarar mama ya haura ninki biyar. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalba ma a fahimce ta. Yawancin magungunan gargajiya lambarsu da harafin L take ƙarewa, ma'ana an duba tsabtarsu da lafiyar shansu aka ba su izini na ɗan lokaci. In ka juya kwalbar za ka ga an rubuta da Turanci cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba.

Ban yi wa Baba duk wannan dogon bayani a ƙofar masallaci ba. Na nuna masa lambar da ke takardar, na ce masa wannan a faranti aka yi, da ruwan da ba a sha, ba a jikin mutum ba. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To ɗana, in an je yanke mata za su yi?" Na ce, "Baba, ba a fara da yanka. Allura za su sa su ɗebi tsoka kamar ƙwayar shinkafa a duba. Mai yiwuwa ma ba shi ba ne. In shi ne, gara a same shi yana ƙarami." Na roƙe shi abu ɗaya: duk abin da Inna ke sha ko take shafawa a zuba a leda a tafi da shi a nuna wa likita, kada a ɓoye, domin wani jiƙon kan rage wa maganin asibiti ƙarfi, wani kuma ya ƙara wa hanta da ƙoda nauyi.

Ranar Litinin 'yarsu ta raka ta. Sakamako ya ɗauki makonni, kuma shi ne. Allah Ya sa bai kai huhu ko hanta ba, aka tsara mata kemo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin sankara, kafin aiki. 'Yan'uwansa 'yan goro suka yi karo-karo, don kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Rannan na biya ta wurinsa, ya ciro takardar magungunanta daga cikin hula ya ce in karanta masa. A layi na biyu na ga sunan sinadarin Taxol. Na gaya masa asalin wannan daga ɓawon bishiya aka samo shi. Ya karɓi takardar ya ƙura mata ido, ya tambaye ni sunan bishiyar da Hausa, na ce ba ta fitowa a ƙasarmu. Inna gashinta ya zube, abinci sai da lallashi, amma ƙullutun ya ja baya har sai likita ya laluba yake jin sa. An sa mata ranar aiki bayan Babbar Salla.